Taron Raɗa wa Leda Suna

Buhu ɗaya na leda, jiƙe da laka. Gwangwanin tumatir da dashen tattasai guda a ciki, ya langaɓe. Takardar koke, kwafi uku. Hotona biyu, don ban taɓa shiga ofishin da bai nemi hoto ba. Kwalin digirina a cikin riga. Kawu Jibo a bayan moto, wato babur.

Da wannan kaya muka baro Jiratawa ranar Laraba da hantsi. Buhun yana ɗiga a kan ƙafata, Kawu kuwa ya ɗaga gwangwanin sama da hannu ɗaya kamar mai kai jariri likita.

“Lawali, rage gudu, kar ka kashe mani shi.”

“Kawu, ai ya kusa mutuwa tun kafin ya hau moto.”

“To bari shi mutu gaban manya. Kar shi mutu hanya, a ce ƙarya nike.”

Bari in gaya muku abin da ya fito da mu. Kawu Jibo ƙanen mahaifiyata ne. Yana da ɗan fili a noman rani na Jiratawa, bana tattasai ya dasa. Ruwa a can layi ne, kowane ɓangare da ranarsa, in ta wuce ka sai wani mako. Ruwan ɓangarensu yana bin magudanar siminti, ya nutse ta wani bututu a ƙarƙashin hanyar amalanke, ya ɓullo ɗaya gefen. Tun da aka yi bututun nan yake toshewa, tun da aka yi shi kuma manoma suke ɗaga murfi su zura ƙugiya su jawo abin da ya tare. Aikin rabin awa ne, har da hira.

Bara sai Allah ya kawo mana furoje, irin aikin tallafin nan na raya karkara. Ba zan faɗi sunansa ba, don sunan ya fi layi biyu. Furojen ya yi bincike mai zurfi, ya gano cewa leda tana shiga bututu. Sai ya yi wa bututun sabon murfin ƙarfe, ya shafa masa koren fenti, ya garƙame shi da kwaɗon kulle mai girman dunƙulen hannu, don kada kowa ya ƙara zuba shara. Aka kafa allo a gefe: duk manomin da ya taɓa kwaɗon, za a karɓe filinsa. Abin da aka manta ba a shaida wa furojen ba shi ne, leda ba ta murfi take shiga ba. Ruwa take biyowa. Yanzu tana shiga lafiya lau, fita ce ta gagara.

Alhamis ɗin da ta wuce, ruwan da ya isa filin Kawu bai kai na alwala ba. Gobe Alhamis ce ranarsu. In ta sake wucewa haka, tattasan bana ya tafi, shi da na mutum goma sha da ke bayan bututun. Mabuɗi muka zo nema, shi ke nan.

Ni aka ɗauko saboda ni ne ɗan boko. Shekara shida na yi a ƙasar Sin ina karanta aikin ruwa: madatsai, magudanai, bututai. Shekara biyu da dawowata. Aikin da na samu zuwa yanzu shi ne rubuta wa dangi takardar koke, kuma ba yabon kai ba, hannuna ya faɗa.

Muka shigo Maradi, muka ratsa ta gaban gidan mai, na ɗaga wa ƴan layi hannu. Akwai wani maƙwabcina na Sabon Gari da na bari a layin ranar Litinin. Yana nan. Ya matsa gaba da tsawon mota biyu, gemunsa ma ya ci gaba.

Ofishin furojen yana unguwar Zariya, gida mai bene da furanni. Sakatariyar, Madam Zuliha, ta karɓe mu da fara'a har sai da ta ga buhun.

“Wannan fa?”

“Shaida,” in ji Kawu.

“A bar shaidar waje, tana ɗiga.”

Ta karanta kokena, ta yaba rubutun, ta ce amma ba haka ake yi ba. Akwai takardar neman mabuɗi ta musamman. Ta miƙo. Takarda mai kyau, Faransanci a hagu, Hausa a dama, don manomi ya san abin da yake sa wa hannu. A tsakiya an rubuta: abin da ya toshe bututu, a zaɓi ɗaya. Yashi. Ganye. Dutse. Mushen dabba.

“Madam, leda fa?”

“Ba ta ciki.”

“To ita ce ta toshe.”

“Na sani, Malam. Kowa ma ya sani. Ba a tsayar mata da suna ba ne. A Faransanci ba matsala. Ɓangaren Hausar ne ya kawo rigima: wasu sun ce leda, wasu roba, wasu palastik. Sai aka bar gurbin har manya su zauna. Suna Tibiri yanzu haka, yau kwana uku.”

“In na rubuta da hannuna fa?”

“Takarda ta ɓaci.”

Ta dubi gwangwanin da ke hannun Kawu. Mutuniyar kirki ce, na shaida. Ta sassauta murya ta ce: “Baba, ka zaɓi mushen dabba. Wannan gaggawa ce, yau ɗin nan zan tura takardar sama.”

Ni har na cire marfin biro. Kawu ya dafe takardar.

“Ɗiyata, Allah shi saka maki. Amma ni in sa hannu cewa ruwan da muke ba zogale da salati akwai mushe ciki? Kafin la'asar matan kasuwa sun ji. Wa za shi ƙara sayen ganyen Jiratawa? In tsirar da tattasaina in kashe ma gari kasuwa? Kuma ƙarya ce. Lawali, tashi mu tahi Tibirin.”

Muka sake ɗaure buhu.

Ban taɓa ganin taro mai kyau irin na Tibiri ba. An kama babban zaure, an jera kujerun roba farare, an ajiye wa kowa ruwan leda biyu da jakar takardu mai sheƙi. Kowa da katin suna a wuya, an lulluɓe shi da abin da ake taron a kansa. A saman tebur akwai Mai Girma Uban Taro, Garkuwan Murafai, Allah ya ƙara masa kujera. Mutum ne mai haƙuri. Kwana uku ana musu a gabansa, ko sau ɗaya bai yi gaggawar yanke hukunci ba.

Muka zauna a baya da buhunmu. Wata Hajiya Tasalla, shugabar mata, ita ke tsaye.

“Ni dai tun ina yarinya leda na sani. In na aiki ɗiyata sayen gishiri, a leda take kawo shi. Wa ya taɓa cewa a ƙulla mani gishiri a roba?”

Ɓangaren roba ya yi caa. Wani ya miƙe da takalminsa a hannu. “Hajiya, wannan leda ce? Bokiti leda ne? Butar da kika yi alwala da ita leda ce? In muka rubuta leda, ranar da silifa ya toshe bututu sai mu sake taro!”

Na ga wasu suna murmushi, don sake taro ba abin baƙin ciki ba ne.

Sai Malam Gambo, tsohon daraktan lakwal, wato shugaban makaranta, ya gyara tabarau. Ya ce shi shekara talatin yana koyarwa, kuma kimiyya ba ta san leda ba, ba ta san roba ba, palastik ta sani. Hajiya Tasalla ta ce to kimiyya ta je kasuwa ta nemi palastik ɗin gishiri ta gani. Aka yi tafi. Aka yi wa Malam Gambo ma tafi, don kada ransa ya ɓaci.

Kawu ya zungure ni. “Tashi ka ce mabuɗi.”

Na tashi. Na gai da manya bisa tsari, na ce sunana Lawali, na zo a madadin manoman bayan bututu. Don a saurare ni na zaro kwalin digirina na ɗaga. Kuskurena ke nan na farko. Uban Taro ya hangi rubutun Sinanci, ya sa aka kawo masa, ya juya shi sama da ƙasa.

“A ƙasar Sin ka yi karatu?”

“Can ne, ranka ya daɗe. Batun mabuɗin…”

“Su can me suke ce mata?”

“Suliyawo.”

“Sake faɗa.”

“Suliyawo.”

Jama'a, zauren nan ya ɗauka. Suliyawo! Suliyawo! Hajiya Tasalla ta ce wallahi sunan yarinya ne, da ta sani da jikarta ta raɗa wa. Aka miƙo mini makirfo. Wani ya rataya mini kati a wuya. Shekara biyu ban ga wanda ya tambaye ni ko abu ɗaya daga cikin abin da na koyo ba, yau ga mutum sittin sun buɗe baki suna jira.

A gidan kwanan ɗalibai da na zauna, duniya ce a hawa ɗaya, kuma kowa yana zubar da shara. Na san sunan abin nan a bakin kowa. Sai na fara. Na ce Balarabe bilastik yake cewa. Tafi. Na ce ɗan Tanzaniya pilastiki. Tafi. Na ce masu jin Rashanci suna da palasmasa. Malam Gambo ya ce a maimaita masa a hankali yana rubutawa. Na ce Baturke in ya ga jakar leda yakan ce nailon, haka ma mutanen kudancin Najeriya, Bayerabe kuma yana ce wa roba ike. Na ce Bajamushe yana da tasa, kunshitof, wadda sai ka tara iska kafin ka furta. Zaure ya tara iska ya furta. Wani dattijo ya sarƙe da ruwan leda, aka bubbuga masa baya.

Da na ga kasuwa ta buɗe, sai na ƙara musu da abin da ba su tambaya ba. Na ce ai leda da roba ma baƙi ne, daga Ingilishi muka aro su, ɗaya sunan fata, ɗaya sunan danƙon taya. Ke nan duk ukun da ake faɗa a kansu ba wanda kakanmu ya sani. Hajiya Tasalla ta zauna a hankali kamar an yi mata rasuwa.

Kawu yana jan rigata. Ina jin sa. Na ce masa da ido: bari in gama da Rashanci.

Uban Taro ya miƙe, fuskarsa tana haske. Ya ce alhamdu lillahi, ashe matsalar ta fi yadda aka zata. Ya ce su a nan suna ta fama da kalma uku, ashe duniya tana da fiye da goma. Ya ce zai zama rashin adalci ga manomi a yanke hukunci cikin gaggawa ba tare da an ga yadda sauran ƙasashe suka shawo kan lamarin ba. Don haka yana ba da shawarar a kafa tawaga ta je ta gani da ido. Ban taɓa ganin shawarar da ta samu amincewa da sauri haka ba. Ɓangaren leda da ɓangaren roba suka rungumi juna.

A lokacin ne na tuna gobe Alhamis.

Na ce, “Ranka ya daɗe, ga manomin nan da kansa.” Uban Taro ya yi murna ƙwarai, don tun shekaranjiya ake neman talaka a saka a hoto. Aka fito da Kawu gaba da gwangwaninsa. Aka ce ya riƙe shi daidai ƙirji. Aka ɗauka.

“To Baba, kai da kake cikin abin, ku a gona me kuke ce mata?”

“Ba mu ce mata komi, ranka shi daɗe.”

“Ai dole akwai sunan da kuke kira.”

“Mi za mu kira ta ta yi muna? Ba kiranta muke ba, hidda ta muke. In na ce ma maƙwabcina kawo ƙugiya, ya san abin da za mu jawo. Shekara da shekaru ba mu taɓa jawo wani abu bisa kuskure ba. Ni mabuɗi niz zo nema. Ku ba ni shi yau, in maido gobe da azahar. Kun ga wannan?” Ya ɗaga gwangwanin. “Ƴan'uwanshi dubu na can, duk haka suke. Ku raɗa mata sunan da kuka ga dama, in kun yanka rago ku kira mu.”

Aka yi tafi mai tsawo. Uban Taro ya ce wannan ita ce hikimar karkara, a rubuta ta a rahoto. Batun mabuɗi kuma ya ce ai yana tafe, da zarar takarda ta cika. Sai aka sanar da hutun cin abinci, zaure ya watse kamar an ce gobara.

Mu ba mu da tikitin abinci. Muka koma gindin bedi inda direbobi ke zaune. Direban Uban Taro, wani Idirisa, ya matsa mana a kan tabarma, ya zuba wa Kawu shayi. Ya daɗe yana kallon gwangwanin.

“Baba, nima ɗan manomi ne, shi ya sa zan gaya maka. Kar ka ƙara ƙona mai kan mabuɗin nan.”

“Ya ɓata?”

“Ina fa. An san inda yake sarai. Ka tuna ranar buɗe murfi, da aka kawo baƙo daga ƙasar waje, wanda mutanensa suka ba da kuɗin aikin?”

“Mai jar hula. Mun yi mai rawa.”

“To an rasa tsarabar da za a ba shi. Sai aka sa mabuɗin a ɗan akwatin gilashi, aka ɗaura masa kirtani mai kyau, aka miƙa masa gaban kyamara. Ni na kai shi filin jirgi. Yana rungume da shi.”

“Na biyun fa?” na tambaya. “Kwaɗo ai da mabuɗi biyu ko uku yake zuwa.”

“Duka ukun aka sa. An ce ɗaya ya yi kaɗan a hoto.”

Kawu ya ajiye kofin shayi. Sai ya fara dariya. Ya yi dariya har hularsa ta faɗi, direbobi suka kama, nima na kama, muka yi ta yi har wani mai gadi ya leƙo ya ce manya suna cin abinci.

“To ita takardar?” Kawu ya tambaya yana share hawaye. “Da na ce mushe ne?”

“Da an kafa kwamitin binciken mushe. Baba, muddin gurbin nan ba kalma a ciki, ba wanda zai cike takarda daidai, ba wanda zai zo karɓar abin da babu. Ita tawagar ma da kuka ji, ina jin ƙasar mai jar hula za ta fara sauka. Ana ta neman dalilin zuwa, sai ga ɗanka ya kawo guda goma.”

Na cire katin da ke wuyana na sa a aljihu.

Can sai ga Uban Taro ya fito yana sakace. Idirisa ya ruga ya tada mota, ya kunna sanyi, ya buɗe ƙofar baya. Mai Girma ya zauna, ya bar ƙofar a buɗe, ya yafito ni. Sanyin motar ya bugi gwiwata.

“Injiniya, ina kake aiki?”

“Ba ko'ina, ranka ya daɗe.”

“Mutum irinka? Wannan asara ce ga ƙasa. Tawagar nan tana bukatar mai harsuna. Ƙasa huɗu, wataƙila biyar. In an dawo kuma akwai kujera a ofis. Fasfonka yana da rai?”

“Yana da rai.”

“To shigo mu ƙarasa maganar a hanya. Tsohon ya biyo mu da moton.”

Ba zan yi muku ƙarya ba, na dubi kujerar. Mai laushi ce. Shekara biyu ba kwana biyu ba ne, kuma mahaifiyata ta gaji da amsa tambayar maƙwabta. Na waiwaya. Kawu yana gindin bedi, ya tsiyaya ragowar ruwan wanke kofin shayi a cikin gwangwani, yana jira ya ga ko ganyen zai ɗago.

Allon da ke bakin bututu, ni na fi kowa sanin abin da ya ce, don sau uku na kwafe shi a takardar koke. Ya ce duk manomin da ya taɓa kwaɗon za a karɓe filinsa. Ni ba manomi ba ne. Ba ni da fili, ba ni da kujera, ko akuya ba ni da ita. A duk faɗin kwarin nan ba wanda ya kai ni cancantar wannan aiki, kuma shi ne karo na farko da aka samu gurbin da ya dace da takarduna. Akwai mai walda a bayan gidanmu a Sabon Gari, yana da zarton ƙarfe, kuma ba ya tambayar mutum hoto biyu.

“Ranka ya daɗe, Allah ya kiyaye hanya. A gai da mai jar hula.”

Na kama ƙofar motar da hannu biyu, na rufe masa ita a hankali, yadda ake yi wa manya.

Yau bayan la'asar zan yanke kwaɗon, ido na ganin ido, da sunana a kan wannan shafi. Gobe ruwa zai wuce. Wanda yake son kai ƙarata, bismilla, ofis yana Zariya, Madam Zuliha tana da takarda. Sai dai dole ya rubuta abin da na ciro daga bututun, kuma ina ba shi shawara ya jira tawaga ta dawo.